Kawu Barau Da Yaƙinsa Da Gara

Duk wanda ya san Kawu Barau a Sule Tankarkar ya san ba ya zama a tabarma sai ya ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashi. Ko ta waye! Ranar sunan ƙanwata sai da ya ta da liman tsaye, ya ɗaga, ya duba, sannan ya ce, "Koma, malam. Gara ba ta sallama." Wannan ce maganarsa, safe da yamma. Ni ko da ba ni da haƙuri, in ya fara sai in ce, "Kawu, don Allah ka zauna, tuwo na hucewa." Ya ce, "Uwar gaggawa, tuwo ya huce a ɗumama. Abin da gara ta ci fa?"

Abin da yake wa wannan gadi duka littafi ne guda, rubutun hannun kakanmu, cikin gafaka, rataye a tsakar ɗakinsa. Ba ya karanta shi, don karatunsa bai kai nan ba. Saukewa yake ya kaɗe, ya shinshina, ya mayar.

Shekarar da na gama makarantar 'yan mata a Kano na dawo na tarar idonsa ya fara hazo. Na shiga gaishe shi, ina ɗaga kai sai ga hanyar gara, ja wur, ta biyo azara ta kusa igiyar gafakar. Ban iya ɓoye-ɓoye ba. Na ce, "Kawu, abokan gabarka sun iso, kai ko ba ka gan su ba." Ya miƙa hannu ya shafa azarar.

Yaya Habu, wana, yana karatu a jami'a can Badun. Da ya zo hutu ya ce sun yi sabon gidan littattafai na siminti zalla, suna karɓar tsofaffin rubuce-rubuce su adana. Kawu ya ce, "Ana ba da 'ya gidan da ba a bincika ba? Sai na gani." Aka ce in raka su, ni ce 'yar jagora.

A tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa na lura da wani ƙunshi da ya rungume tare da gafakar. Na ce, "Guzuri ne?" Ya ce, "Toka." Na ce, "Kawu! Har Badun? Can ba sa hura wuta ne?" Ya ce, "Tokar kudu ba ta da yaji. Icensu ruwa ne."

Ginin kam ya tsaru. Hawa kan hawa, fari fat, bangon gaba duk huda-huda kamar rariya, iska na ratsawa. Ni na saki baki. Kawu ya matso ya zura hannu cikin huda ɗaya har gwiwa, ya juyo.

"Habu, simintin ne ya ƙare musu, ko har gara ta riga mu zuwa?"

"Don iska ne, Kawu."

"To, Allah ya sa iska kaɗai ta san hanyar."

Ya tuɓe takalmi a ƙofa ya saƙale a hammata. Muka shiga wani ɗaki mai faɗi, samari sun duƙufa, ko tari babu. Kawu ya buɗe murya, "Salamu alaikum!" Kai, na so ƙasa ta tsage. Aka ɗago, aka kalle mu, aka mai da kai. Na ja hannun rigarsa na ce, "Ba a magana a nan." Ya ce, a wai raɗa, wadda har ƙarshen ɗakin aka ji, "Wa ya rasu?"

Mai kula da wurin wani Bayarabe ne dattijo, yana jin Hausar fataken goro. Kawu ya tsare shi da tambaya kamar mai neman asalin suruki. Ana shanya littattafan? Wa ke kwana da su? Ɓera fa? Mutumin ya amsa duka, bai gaji ba, ni ce na gaji. Daga nan Kawu ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankari gindin wani ginshiƙi. Ya kankara, ya kankara. Ya taɓa bakin wuƙar ya ji ya dakushe, sai ya yi murmushi.

"Yau gara ta gamu da gamonta."

Duk da haka sai da ya kwance ƙunshinsa ya barbaɗa toka a bayan kantar ƙarfen da za a ajiye littafin. Na ce, "Kawu, share ta za su yi!" Dattijon ya ce, "Bar shi, 'yata. Ba mai sharewa."

Kawu ya zare littafin ya miƙa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Da aka nemi gafakar ya ce, "A'a. Amarya na kawo, ban kawo ɗakinta ba."

Da muka dawo ya rataye ta a inda take, ba komai ciki. Kullum da hantsi sai ya sauke, ya kaɗe, ya shinshina, ya mayar, har lokacin da idon ya rufe gaba ɗaya. Na taɓa ce masa, "Me kake gadi kuma?" Ya ce, "In na daina, za ta ɗauka ta ci yaƙin."

Bana da damina ya rasu. Gafakar tana wurina, kuma jiya na kama kaina ina ɗaga tabarma kafin in zauna. Allah ya jiƙan Kawu Barau, ya haskaka masa makwancinsa, ya tsare shi yadda ya tsare amanar mahaifinsa. Amin.