Na Yi Ta Canza Kalar Allo, Ashe Idona Ne

Shekara kusan ashirin ina riƙe da wannan labari a ciki. Waɗanda muka yi karatun zanen gine-gine tare a Samaru sun san na ɓace a ajin ƙarshe, amma kaɗan ne suka san dalili. Yau dai zan faɗa.

A lokacin, mai kwamfuta a ɗakinsa sarki ne. Tawa tsohuwa ce mai ƙatuwar ƙeya, a kan acaɓa na rungumo ta daga Sabon Gari har Bomo. Manhajar da muke zane da ita fagenta baƙi ne, layuka kuma kala-kala: bango fari, tagogi shuɗi, ma'auni ja. Wallahi ina kewar ɗakin nan, da ƙarar fankarsa da gardamar da ba ta ƙarewa.

Da shuɗin aka fara. In zana tagogi, in duba in ga wayam. Na shiga wajen saiti na mai da su ruwan ɗorawa, aiki ya ci gaba.

Bayan wata biyu jan ma ya dushe, sai na mai da fagen ruwan toka. Daga nan alamar linzamin kwamfuta ta riƙa ɓace mini idan ta yi hagu. Na ƙara mata girma har ta ratsa allon sama da ƙasa. Har taƙama nake, wai ni gwanin saiti!

Sau biyu ina kai allon wajen mai gyara a Sabon Gari. Karo na biyu ya ce, "Oga, this monitor no get problem o." Na ce bai san aikinsa ba. Allah ya yafe mini.

Wata Asabar Bulus, abokin ɗakina, ya zauna zai yi aikinsa a kwamfutar. Ya ce, "Kai Nasiru, wannan allo ne ko ankon biki?" Ya mayar da komai yadda ya zo daga kamfani.

Da na buɗe zanena na hau shi da masifa, na ce ya goge mini tagogi. Ya ɗora yatsa a allon ya ce, "Ga su nan guda shida. Ba ka ganinsu?"

Ban gan su ba.

Ya ce, "Rufe idon dama." Na rufe. Rabin ɗakin ya tafi, har da shi Bulus ɗin.

Ranar Litinin ya tasa ni gaba zuwa asibiti. Layi, yankan kati, maganin ɗigawa mai raɗaɗi, sai wata na'ura da za ka ɗora haɓa ka danna maɓalli idan ka ga haske. Ina zaune ina jiran hasken, ashe ya daɗe yana walƙawa.

Likita ta ce hawan jinin ido ne. Ta tambayi tun yaushe, na ce mako biyu. Bulus ya ce, "Likita, ƙarya yake. Wata takwas ke nan yana canza kala."

Ta ce, "Abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage za mu yi ƙoƙarin tsarewa."

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Mai zane babu ido, ina zai nufa? Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Inna ta sayar da tumakinta ta zo daga gida, aka yi mini aiki. Mako shida ban kalli allo ba, sai ɗiga magani safe da yamma. Idan na fara ƙorafi ta ce, "Ɗan nan, ido ɗaya ma ido ne, ka gode Allah."

A wata na uku likita ta auna ta ce na daman ya tsira. Na koma makaranta, na gama tare da 'yan bayanmu. Na hagun kuwa har yau kamar ta ramin makulli nake leƙe da shi.

Alhamdulillahi. Da na daman na zana gidaje, da shi nake kallon 'ya'yana. Inna, Allah ya ji ƙanki. Bulus, ban taɓa ba ka haƙuri kan masifar ranar nan ba, ka yafe mini.

Masu aiki da kwamfuta, ku canza kala yadda kuke so, ba laifi ba ne. Amma idan kun ga ku kaɗai ne allon ke ba wahala, ku bar saiti haka. Ku rufe ido ɗaya ku duba ɗakin, ku rufe ɗayan, sannan ku je a auna ku.

Gwajin ba ya cin lokaci. Ni na yi ta jan ƙafa, da idon hagu na biya.