Gashin Kare a Kujerar Malam

Motata ba sabuwa ba ce, amma a tashar Illela babu direban da ya kai ni kula da kujera. Na sa an lulluɓe su da wani yadi mai laushi, ruwan toka, mai kama da karammiski, kuma ban taɓa yarda fasinja ya sha rake a ciki ba. Na sha faɗa da mutane a kan ɓawon gyaɗa. Abokan aiki suna cewa na fi son kujerun nan da matata, ita kuwa ba ta taɓa ƙaryata su ba.

Dalilin wannan tsabta mutum ɗaya ne. Akwai wani dattijon malami a unguwarmu, aminin mahaifina tun suna samari, wanda ya tsaya mini bayan rasuwar Baba har na sami abin yi. Duk Alhamis ni nake kai shi Sakkwato ganin likitan gwiwa. A baya yake zama shi kaɗai, ya miƙe ƙafar a kan kujera, cikin farar riga fes. Saboda shi ne masu ɗaurin aure suke neman motata, ana kiranta motar Malam. In aka cire wannan suna, ni ba kowa ba ne a tasha.

Wata Lahadi da bazara, na ɗauko albasar wani manomi daga Kalmalo zan kai kasuwa, but ɗin bayan mota ya cika har na ɗaure shi da igiya. Ban yi nisa ba na hangi wani tsohon Bafulatani zaune a bakin hanya, rungume da jan kare kamar mai riƙe da jariri. Ya ɗaga mini hannu. Na wuce. Sai da na yi 'yar tafiya na duba madubi, na ga bai ko sauke hannun ba, sannan na ja tsaki na dawo da baya.

Tarkon ƙarfe ne ya kama ƙafar karen a bakin gona. Tsohon ya naɗe ta da tsumman rawaninsa. Ya ce mini 'ya'yansa duk sun yi kudu da manyan shanu, sun bar masa tsofaffi da maruƙa, karen nan shi ne idonsa, shi ne kunnensa. Motoci uku sun tsaya, da sun ga abin da yake riƙe da shi sai su ja.

“Baffa, but ya cika,” na ce.

“Ina riƙe shi bisa cinya, ɗana. Ba shi taɓa maka komi.”

Ya cika alkawari iyakar ƙarfinsa, amma kare mai ciwo ba ya zama wuri ɗaya. Kafin mu kai wurin likitan dabbobi kusa da kara, kasuwar shanu, ya yi birgima daga wannan ƙofa zuwa waccan. Lokacin zafi ne kuma, gashi yana zubar masa kamar ana karkaɗe shi. Na sauke su, tsohon yana ta sa mini albarka, ni kuwa ko kallonsa ban yi sosai ba. Idona yana kan kujera. Ta koma ja, kafet ma haka, gashi ya soke yadin tsaye tsaye.

Ranar kasuwa ce, don haka rabin Illela sun ga kare yana fita daga motata. Kafin azahar suna ya canja. Ina shiga tasha wani ya ce, “Ga motar kare nan ta iso, wa ka zuwa Sakkwato?” Aka kwashe da dariya. Na fito na ci kwalarsa, sai da aka raba mu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wata hajiya da ta buɗe ƙofa, ta leƙa, ta rufe a hankali ta nufi motar baya. Na ce a raina, idan Malam ya yi haka ranar Alhamis, tawa ta ƙare.

A tasha kowa malami ne in matsalar ta wani ce. Aka taru a kaina, aka yanke hukunci cewa abin da kare ya taɓa sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ban tambayi wani malamin gaske ba. Ranar Litinin na ciro kujerar na kai tsakar gida, na yi mata wanki shida da sabulu, ina ƙirgawa da yatsa. Ranar Talata na kwaɓa jar ƙasa na shafe ta tas, na bi da ruwa. Da ta fara shan iska na duba, na ji kamar in yi kuka. Ruwan ya kwantar da gashin ya tura shi cikin saƙar yadi, ƙasar kuma ta zo ta liƙe shi, kamar yadda ake cuɗa ciyawa da laka in za a yi gini.

Matata mai kitso ce. Kwana biyu tana kallona daga bakin ɗaki, ta bar ni da aikina, don ta san halina in raina ya ɓaci. Ran Laraba da safe ta zo ta tsaya a kaina.

“Maigida, ka gama ginin?”

Na harare ta.

“Ni da gashi muka kwana muka tashi,” ta ce. “Ba a kai mai ruwa. Bari ta bushe ƙarau.”

Muka bar kujerar a rana har azahar. Ta sa na bubbuge ta da sanda, ƙasar ta tashi. Sannan ta cire silifarta ta roba, ta ɗan yayyafa wa tafin ruwa, ta riƙa jan ta a kan yadin, hanya ɗaya, ba ta komawa baya. Ina tsaye ina gani gashin ya fara tattaruwa, yana murɗewa kamar abawa, tana tsincewa tana jefawa a kwano. Haka take yi wa dardumarta kullum in mata sun tashi, shekara da shekaru a gabana, ban taɓa lura ba. Na karɓi ɗaya silifar na kama kafet. Wajen ɗinki da lungunan da roba ba ta shiga, muka naɗa salatif a yatsu muna dannawa muna ɗagawa. Ta kuma haɗa mini buhu biyu ta ɗinke, ta ce in ajiye a mota, duk ranar da tausayi ya sake kama ni in shimfiɗa tukuna.

Alhamis da safe na tsaya a ƙofar zauren Malam. Na fesa turare har ni kaina ina tari. Ya fito da sandarsa, muka gaisa, ya shiga ya miƙe ƙafa. Ban tada mota ba na ga ya kai hannu ga hannun rigarsa, ya ɗago wani siririn jan gashi, ya kawo shi kusa da ido. Guda ɗaya tak ya tsere mana, shi ne kuma ya sami farar riga.

Na fara rantse-rantse, na ce sau bakwai na wanke, har da ƙasa.

“Da ƙasa?” ya ce. “Kujerar mota ƙwarya ta? Wanki bakwai na abin da kare ya sa baki ya sha na. Gashinai ba ƙazanta ba na, ɗana. Mi ya hana ka tambaya?”

Na sauke ajiyar zuciya, har na fara murmushi. Ya sake gashin ta taga, ya gyara zama.

“Labari ya iske ni tun ran Lahadi, na kau ji daɗi. Na ce ɗan abokina ya yi abin da ubanai ka yi. To, karen hwa? Ya tashi?”

Kwana huɗu ina fama da kujera, ko sau ɗaya tambayar nan ba ta zo mini ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ko ranar da ake mini dariya a tasha.

Da muka dawo daga Sakkwato da la'asar, Malam ya ce mu biya ta hanyar Kalmalo. Muka yi tambaya har muka sami rugar. Tsohon yana zaune a gindin wata ƙaya, maruƙa suna kewaye da shi, babu kare. Tun ranar Talata ya mutu, ciwon ya riga ya ci ƙafar. Malam ya sauko da gwiwarsa mai ciwo, ya zauna a gefen tabarma ya yi masa jaje kamar yadda ake yi wa wanda ya yi babban rashi.

Da za mu tafi, tsohon ya biyo ni har bakin mota. Ya leƙa kujerar baya, ya daɗe yana kallo, sannan ya riƙe hannuna da hannayensa biyu.

“Ka gahwarce ni, ɗana,” ya ce. “Na ɓata maka mota a banza.”