Shayin Modu da Bayan Babur Ɗina

Salamu alaikum jama'ar wannan shafi. Masu tambaya ko na mutu ne, ban mutu ba. Hannun da nake rubutu da shi ne ya samu wani aiki: taɓa wuya.

Ni na jawo wa kaina. Maƙwabcina Modu, Babarbare, ya dafa baƙin shayin nan nasa a ƙofar gida, ya ce Bafulatani ba ya iya kofi ɗaya sai an sirka masa da nono. Abokin wasa ya faɗi haka a gaban mutane, ina zan sa fuskata? Na sha, na ƙara, na ƙara, na bi da goro. Ciki kuwa ba komai.

Daga nan na tafi Nasarawo ɗauko 'yata Nusaiba daga makaranta a babur. Muna hanyar Kagarawal ƙirjina ya fara. Ya buga da gudu, ya yi shiru, ya sake zabura kamar kaza a buhu. Idona ya yi duhu. Na dai gan ni zaune a gefen kwata, yarinya tana riƙe da rigata, gwiwarta na jini.

A asibiti aka liƙa mini wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane. Ni da ban gama sakandare ba, na ga layin ya karkace ko ba a faɗa mini ba. Aka ɗebi jini, aka yi hoton zuciya, aka rataya mini wata 'yar na'ura na kwana da ita. Gwaje-gwajen nan su suka cinye akuyar Maman Nusaiba, har yau in ta ji kukan akuya sai ta kalle ni.

Likita ta ce bugun zuciyata ne ba ya tafiya daidai, kuma ya daɗe a jikina, shayi tona shi kawai ya yi. Ta ce, "Baba, ana rayuwa da shi. Ka sha magani, ka bar goro."

Magani ya karɓe ni. Tsoro ne ya ƙi.

Ina cin tuwo, yatsa na wuya yana neman bugun zuciya. Ina shagon gyaran fanka, yatsa na wuya. A sallah ma bugun nake saurare har in manta raka'a ta nawa nake. In ya yi tsalle, in tsorata; in na tsorata, ya ƙara tsalle. Na yi ta komawa asibiti a guje har mai gadi ya fara gaishe ni da suna.

Babur kuwa na lulluɓe shi da buhu. In na tuna gwiwar yarinyar nan, ko makullin ba na iya ɗauka.

Modu ne ya karɓi kai ta makaranta, ba wanda ya roƙe shi. Kullum da safe sai ya yi hon ya ce a gaida Bafulatanin da kofi ya kayar. Ya kuma daina dafa shayi a ƙofar gida. Na dai lura.

Ranar da na faɗa wa likita gaskiya cewa ba ciwon ba ne, fargaba ce ke cina, ba ta yi dariya ba. Ta haɗa ni da wani ma'aikacinsu, ya koya mini jan numfashi a hankali, ya ce in riƙa tattaki da yamma. Maman Nusaiba kuma ta ba ni carbi, ta ce hannun ya samu abin yi ban da shaƙe kansa.

Alhamdu lillahi, yanzu zuciya na tsallenta jefi-jefi, ni ina gyaran fankata. Na gode wa Allah, da likita, da mai akuya. Modu ma, amma kada ku faɗa masa.

In ƙirjinka na irin wannan, je asibiti, kada ka tsaya a kemis. Kada ka bar magani don ka ji sauƙi. Tsoron ma ka faɗe shi, yana cikin ciwon. In kuma jiri ko suma ya zo, ba a jira gobe.

Likita ta ce zan iya hawa babur. Na fara, ni kaɗai, zuwa bakin titi in dawo.

Jiya Nusaiba ta ga ina goge shi. Ta ce, "Baba, Kawu Modu ba ya bi ta wajen mai awara. Yaushe za ka kai ni?"

Na ce mata sai na ƙara kwana biyu. Ta ce haka na ce wancan satin.

Tana bina bashin wannan alkawari. Na cire buhun, na sa mai, makulli yana aljihuna. Ku taya ni da addu'a.