Kawu Sule da Rijiyar Gaba Tara

Duk wanda ya san Kawu Sule, ƙanen Inna, ya san karan dawar da ba ya rabuwa da shi. Da ya zauna sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana gida-gida kamar na dara, ya cika su da lambobi. Wai a Kaduna ya koya, sa'ad da yake wa wani injiniyan ruwa lissafi.

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi. Ya ce, "Ke da kike makarantar boko! Lambobin gefe mun san su. Na tsakiya kuwa, kowane gida ya tambayi maƙwabtansa huɗu, a haɗa a raba huɗu. A sake, a sake, har lambobin su daina motsi." Na ce to. Wallahi ban gane ba.

Mutanen Kurfi ma ba su gane ba. Wata tsohuwa ta tsugunna gabansa ta ce, "Malam, a duba mini akuyata da ta ɓace."

"Baba, ba bugun ƙasa nake ba!"

"To mene ne?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta miƙe tana cewa, "Allah ya ba ka lafiya, ɗan nan."

Ko tuwo aka kawo, sai ya taɓa gefe huɗu ya faɗi zafin tsakiya. Kafin ya gama, Babanmu ya cinye tsakiyar.

Sai maganar rijiyar Kaka a Tamawa. Ƙafafunta sun gaza, ruwa kuma da nisa. Kawu ya bi rijiyoyin da ke kewaye da unguwar da igiya, ya auna zurfin kowace. Kwana shida yana zane, kaji suna sharewa. Ya ce, "Nan za a haƙa. Gaba tara, ruwa!"

Malam Audu mai haƙar rijiya ya kai gaba tara. Ƙasa busasshiya ƙayau. Ya fito ya ce shi ya gama, a nemi wani. Kawu ya zauna yana kallon lambobinsa. "Sun daina motsi fa," yake ta faɗa.

Ni kuwa tun safe nake kallon hannuwansu. Kawu dogo ne zanƙalele, Malam Audu ko kafaɗarsa bai kai ba. Na raɗa wa Inna, "Da gabar wa aka auna?"

Inna ta kwashe da dariya ta maimaita tambayar da ƙarfi. Kawu ya fizgi igiyar da Malam Audu ya auna ramin, ya ware hannuwansa ya sake aunawa. Bakwai da rabi!

"Audu, ashe kai ne ba ka cika ba! Koma!"

Washegari da la'asar laka ta fito. Kaka ta ce, "Sule, lissafin nan naka har yau ban san kansa ba, amma miƙo guga."

Bara ya rasu. Karan yana nan a soke a dangar rijiyar, ba wanda ya taɓa shi. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da Kaka. Amin.