Faifan da ke tada na'ura

A ƙarshen shekarun tamanin, muna farfaɗowa daga yunwa, ofishinmu na haƙa rijiyoyi a Tamale ya samu kwamfuta ɗaya tak. Ni ce mai buga tafireta, mijina kuma shi ke yawo ƙauyuka a babur yana auna ruwa, ya dawo ya zuba wa na'urar abin da ya gani.

Bai yarda da ita ba, domin wuta na ɗaukewa kullum. Ya ce marar lafiya ba ya haɗa wa kansa magani. Sai ya je unguwar Lamashegu, a na'urar wani abokinsa, ya haɗa faifai mai laushi wanda zai tada tamu ko da kanta ya juye. Ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya ajiye a gida can saman kabad, ba rana, ba hannun yara. Ina tsokanarsa cewa ko ni ban samu wannan gata ba.

Motar katako ce ta buge shi a hanyar dawowa daga ƙauye. Da na fita takaba na koma aiki, na samu abin da ya riƙe ni. Kowace safiya nakan kunna na'urar in karanta bayanansa. A ƙarƙashin kowace rijiya sai ya saka wata magana tasa: ruwan nan da ɗaci, matan can sun ba ni tubani. Muryarsa ce sak, kuma babu inda ta saura sai nan.

Wata rana wuta ta ɗauke, ta dawo, na'ura ta ƙi tashi. Shugabanmu ya ce in ba a tada ta ba za a aika Akra, su kuwa can sharewa suke yi su sake zubi. Na hau motar haya zuwa gida a Moshi Zongo don ɗauko faifan, hankalina kwance. Na laluba saman kabad, wayam.

Na tambayi surukata. Ta kira ƙaramar 'yata, ta ɗaga mata riga. Ga sabuwar laya a wuyanta. Ashe tsohuwar ta ga yadda ɗanta ke kaffa-kaffa da faifan, ta ɗauka na malamai ne, ta kai wa baduku ya ninke shi huɗu ya ɗinke a fata.

Ta ce, da Hausarta ta Zongo da ba ta raba mace da namiji, "Abin babanshi ne. Tun da na rataya mashi, zazzaɓi bai dawo ba."

Na riƙe layar, na ji ƙarar faifan a ciki ya karye. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da wa zan yi faɗa? Ita ma ɗanta take nema. Na gyara wa yarinya riga, na ce Allah ya tsare.

Abokin nan ya riga ya bar garin, aka aika na'urar Akra. Ta dawo tana aiki lafiya lau, kowa na murna. Ni aka ce in kunna. Na kunna, na duba ko'ina, babu rijiya ko ɗaya.