Wanka Bakwai

Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. An gama cire albasa, duk gidan da ka shiga a Aliero warinta ne zai fara tarbarka. Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, kome sabo ne kuma kome bai zauna ba. Ma'aikata na ta kai da kawo tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi, wanda ka tambaya sai ya ce takarda ake jira. Mu da ke cikin gida abin da ya canza mana kaɗan ne, sai dai rediyo ya riƙa ambaton garuruwanmu fiye da da.

A shekarar ne ɗiyata ta fari ta zo gida da kwali biyu cike da takardu. Nas ce a wani asibiti a Jega, an ba ta hutun karatu ta tafi jami'a can kudu neman digiri na biyu. A Maiyama ta tashi, wurin mahaifiyata, tun ranar da aka yaye ta, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Daga can sai makarantar kwana, daga makaranta sai aiki. Ban taɓa kiran sunanta ba, har yau. Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa.

Karatun nata ya kai inda sai ta yi bincike da kanta ta rubuta littafi. Ta zaɓi haihuwa da rayuwar jarirai a ƙauyukanmu. Wata biyu ta yi tana fita da safe, yau Sabiyal, gobe Dangamaji, jibi ƙauyukan bayan Maiyama, tana shiga gida gida da takardar tambayoyi tana cikewa. Da ta gama ta haɗa lissafi ta aika wa malamar da ke duba aikinta.

Amsa ta dawo a hannun wani direban motar albasa da ke zuwa kudu. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta shiga ɗaki. Kwana biyu tuwonta na dawowa kamar yadda aka kai shi. Sai a rana ta uku ta faɗa mini abin da ke ciki. Malamar ta ce lissafin ya nuna matanmu ba su haihuwa da yawa, kuma da wuya jariri ya mutu a ƙauyukan nan, wanda duk mai aikin asibiti ya san ba haka ba ne. Ta ce masu jarrabawa za su zaci a ɗaki ta zauna ta cike takardun da kanta. Hutunta kuwa da faɗuwar ruwan farko zai ƙare. In ba ta miƙa aiki ba za ta koma asibiti hannu wofi, kuma sabuwar jiha da ke ƙarancin nas ba za ta sake sakinta ba.

Ta rantse mini kowace takarda daga bakin mace ta fito. Na ce na sani, ai ni na ga ƙafafunta da ƙura kullum.

Bayan azahar muna ƙarƙashin rumfa ina ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, na ce ta ba ni takardun in duba. Shekara uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, ina karatu, sai dai a hankali, da yatsa. Ta ce ba za ta iya ba ni na kowa ba, amana ce, ko suna ba a rubutawa a kai. Amma akwai tawa, don da ni ta fara gwada tambayoyin kafin ta fita. Ta zaro ta miƙo mini.

Na bi layi layi. Shekaru, gari, sana'ar miji. Sai na zo inda aka ce 'ya'ya nawa kika haifa, na ga ta rubuta huɗu. A ƙasa an ce nawa suka rasu, ta ja layi, babu. Na tuna ranar sarai. Ina tankaɗe, yayar maigidana tana zaune a gefe tana jin mu, na faɗi huɗun da ke gabana a gidan na ci gaba da aikina. Ita kuma kanta na kan takarda, tana duba ko tambayoyin na tafiya daidai, ta rubuta ta wuce.

Na mayar mata da takardar. Daga baya na ce mata ta ƙirga ƙannenta. Ta ƙirga, huɗu. Sai ta dube ni.

"Yaya, to ni fa? Kasuwar Jega aka samo ni?"

Na yi dariya kaɗan, na ce ai ta san ba a ƙirga ɗan fari, balle a gaban dangin miji. Ta ce ta san ba a kiran suna, amma ba ta taɓa zaton har lissafi ba a sa shi. Na ce duk macen da ta tambaya haka ta yi mata, sai wadda ba ta da kunya. Kuma yawancinmu ba mu son a ƙirga mana 'ya'ya ɗai-ɗai da biro, ana gudun baki. Wanda Allah ya karɓa kuwa ba a tono shi don baƙuwa ta tambaya, musamman wanda bai kai suna ba. Cewa ake ya koma, shi ke nan.

Ta ajiye albasar da ke hannunta. Ta ce to in ba za su faɗa ba aikin ya mutu ke nan, don ba ta da wata hanyar sani.

Na ce akwai. Mace ba ta ƙirga 'ya'ya, amma tana ƙirga wanka. Wankan jego kwana arba'in ne, safe da yamma, ba wadda ke manta ko ɗaya. Za ta gaya maka wa ya saro itace, wace tukunya aka dafa ruwan, wace tsohuwa ta riƙe ganye, ko da damina ne itacen ya ƙi kamawa. Na fari a gidan iyaye ake yi, kuma ba kunya a ce na je gida wanka. Ko jariri bai zauna ba sai an cika kwanakin. In ka bi wanka ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗa zai fito da kansa, ba sai an kira shi ba.

Ita dai ba ta son wankan nan. Sau da yawa ta yi mini faɗan ruwan zafi da kunun kanwa, tana cewa suna kumbura masu jego suna taɓa zuciya. Na ce ta ajiye wa'azinta zuwa wata rana, in ta fara shi a bakin ƙofa ba wadda za ta buɗe baki.

Ta ɗauko farar takarda ta ce mu gwada. Ban so ba. Shekarun nan duka ban taɓa zama da ita ido da ido a kan irin wannan magana ba. Na juya gefe, na ci gaba da ware albasa, na fara.

Na farko a Maiyama, ɗakin mahaifiyata, lokacin girbin gero. Ba ta tambayi ko na wane ne ba, ni ma ban faɗa ba. Na biyu a nan Aliero, da sanyi. Ta ce wane ne wannan, don tsakaninta da mai bi mata shekara biyar ne. Na ce namiji ne, kwana biyar ya yi, cibiyarsa ta kumbura, jikinsa ya sandare ya daina kama nono. Ragon suna na ɗaure a gidan. Na cika sauran kwana talatin da biyar ɗin ba goyo. Biron ya tsaya a hannunta.

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Ba ki tambayi wanka ba," na ce.

Muka ci gaba. Na uku da na huɗu suna raye. Ta biyar mace ce, tana rarrafe ƙyanda ta ɗauke ta, wannan kam ɗiyar tawa ta ɗan tuna an je gaisuwa. Na shida, na bakwai. Da muka gama ta ajiye sabuwar takardar kusa da tsohuwar, huɗu a nan, bakwai a can. Ta share fuskarta da gefen mayafi ta ce albasa ce. Na ce haka ne, ta bana akwai yaji.

Ta ce ba ta da ikon canza tambaya sai da iznin malamarta. Washegari ta bi mota zuwa Birnin Kebbi inda ake samun waya. Da la'asar ta dawo, tun daga zaure na ga tafiyarta ta sake. Malamar ta yarda, ta ba ta sati uku, ta kuma ce ta rubuta a cikin littafin yadda aka yi kuskuren da yadda aka gano shi, don wasu za su zo bayanta. Aikin ya karɓu daga baya, amma a ranar ba mu san haka ba. Abin da muka sani shi ne ƙauyukan na da yawa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma matan da suka riga suka ba ta amsa ba za su so yarinya sa'ar 'ya'yansu ta dawo ta nuna sun ɓoye wani abu ba. Sai da babba a gaba.

Na sami maigidana bayan ya dawo daga masallaci na nemi izni. Ya dube ni ya ce ashe yaƙi da jahilcin nan har jami'a zai kai ni. Ya ce in je, amma in bar wa yara abin da za su dafa.

Da safe na auna gero da kuka na ajiye, na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi, na ƙulla goro a bakin mayafi. Muka bi motar farko zuwa Sabiyal. A ƙofar gidan farko na ce ta tsaya a baya da takardunta a cikin jaka. Na yi sallama na shiga, aka shimfiɗa mini tabarma, na ɓare goro na miƙa wa matar gidan, muka gaisa har muka gaji. Sannan na tambaye ta ko ita ma a gida ta yi wankanta na farko.