Gwangwanin Rasit na Kawu Bala

Duk wanda ya san Kawu Bala na garin Bowie a Amurka ya san ko cingam ya saya sai ya karɓi rasit, ya ninke, ya jefa cikin gwangwanin biskit. Matarsa ta yi mita har ta gaji.

Farkon zuwansa Amurka, mai cike masa takardun haraji ya tambaye shi mutum nawa ke ƙarƙashinsa, don a rage masa.

"Goma sha tara," in ji Kawu.

"A gida ɗaya?"

"Biyu nan, sauran suna Funtuwa."

Mutumin ya ce biyun kawai doka ta sani. Kawu bai sake gaishe shi ba.

Babban rikici sai da autarsa Hadiza ta shiga digiri na biyu, tana shekara ashirin da uku. An fara ba ta ɗan abin kashewa a jami'a, sai ta cike nata takardun, ta rubuta wai ita ke riƙe da kanta. Wasiƙa ta zo daga hukumar haraji: Hadiza ba ta ƙarƙashin Kawu. Wallahi ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

Ya kira ta gida. "Ke ce mai riƙe da kanki?"

Ta amsa da Turanci, wai ta girma.

"Madalla." Ya dube ni. "Kai, ɗan ƙanwata, ɗauko gwangwani."

Ya zazzage rasit a tebur: na kuɗin makaranta, hayar ɗaki, tayar mota huɗu, kuka da daddawa daga wani shago a garin Hyattsville, har man da ya ƙona yana kai mata duk Asabar. Doka ta ce ɗaliba tana ƙarƙashin ubanta muddin ba ta ɗauki fiye da rabin nauyin kanta ba. Hadiza kuwa, Hajiya Babba, ko kwata ba ta kai ba!

Hadiza ta gyara takardunta, hukuma ta amince. Kawu ya sa wasiƙar amincewar a firam, ya rataye a falo, duk baƙo sai ya karanta kafin a ba shi ruwa.

"Ba kuɗin ba ne," ya ce mini. "Gwamnati ta sa hannu 'yata tawa ce."

Da ta cika ashirin da huɗu, doka ta cire ta. Kawu ya ce, "Su suka cire. Ni ban cire ba."

Bayan rasuwarsa Hadiza ta buɗe gwangwanin. Rasit ɗin kuka da daddawa ne har na watan da ya kwanta, kowane da sunanta a baya. Ta yi kuka, ni ma na yi.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya sauƙaƙa maka hisabi, ya ba ka takardarka a hannun dama.